Kwana Taran da Na Goge

Ranar da muka dawo daga binne Mama, Inna Zlatka ta bi gidan ɗaki-ɗaki tana rufe madubai. Ita ce yayar Mama, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin an yi mutuwa ko haihuwa a danginmu ba sai ta zama shugabar wurin, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Ta rufe babban madubin falo da zanen gado, na banɗaki da tawul, ta rufe talabijin. Da ta shigo kicin ta ga kwamfutar Mama a buɗe a kan tebur, kusa da gwangwanin gishiri, sai ta tsaya tana harararta. Ta leƙa baƙin gilashin, ta ga fuskarta a ciki, ta ce wannan ma madubi ne ko da wane suna muke kiransa, ta jawo ƙyallen da Mama ke rufe burodi da shi ta lulluɓe ta. Sai bayan arba'in, in ji ta. Kwana arba'in ran mamaci yana zagaya wuraren da ya saba, in kuwa ya ga kansa a madubi ba zai gane hanyar tafiya ba. Kada a share ɗakinta, kada a ba da kayanta, kada a matsar da ko allura.

Na zo daga Sofiya, babban birnin ƙasarmu, da niyyar in zauna da Baba a garinmu Troyan har a yi arba'in, ina aikina daga ɗakin da na girma a ciki, kuma ba ni da ƙarfin musu da Inna Zlatka. Abin da ke cikina ya ishe ni.

Duk garin an san zuciya ce ta ɗauke Mama, Dafinka matar Mincho. Ta faɗi a lambu da safe, tsakanin tumatir da tattasai, kwando a hannu. Haka likita ya rubuta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Baba ya riƙe wannan hannu bibbiyu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa ba ta sha wahala ba, ko ciwon kai ba ta yi ba. Abin da bai sani ba shi ne, tun watan Janairu likitocin Sofiya suka gaya mata akwai ciwon daji a cikinta, kuma ya yi nisa. Wata takwas tana zuwa wurina bayan mako bibbiyu, wai za ta gyara mini gida don ni ƙazama ce, alhali asibiti nake kai ta. Ta ƙi maganin da ke zubar da gashi. Ranar da aka gaya mana, a cikin tasi, ta kama wuyan hannuna ta matse har sai da ya yi shati.

"Ubanki ba zai ji ba. Ba yanzu ba, ba bayan raina ba."

"Mama, mijinki ne fa."

"Shi ya sa. In ya ji yanzu, daga yau zai fara kallona kamar gawa. In kuma ya ji bayan na tafi, zai zauna yana tuna kowace ranar da ya bar ni na ɗauko masa itace. Shekara arba'in da ɗaya nake tare da mutumin nan, na san shi. Ki rantse, Neda."

Na rantse mata.

Dole in faɗi sana'ata, don ita ce ta jawo komai. Akwatin nan da ke tare wa mutum gaba da zarar ya buɗe shafi a intanet, yana tambayar ko ya amince a ajiye kukis, ni nake gina irinsa. Kukis ɗin wasu 'yan alamomi ne da shafi ke maƙala wa kwamfutarka, don in ka tafi wani shafin a gane kai ne ka duba takalmi jiya, a biyo ka da tallan takalmi. Doka ta ce sai an nemi izininka, mu kuma muka nema yadda muka ga dama. Ni na kawo wa kamfaninmu dabarar da aka yi ta yabona a kanta: "Na amince" ƙato, kore shar, daidai inda yatsa ke sauka, "Ban amince ba" kuwa ɗan mitsitsi, ruwan toka, sai ka shiga ƙofa biyu kafin ka same shi. Har kek aka kawo ofis ranar da aka ga yawan masu danna koren.

Lokacin da na saya wa Mama kwamfutar, shekara huɗu da suka wuce, akwatin nan ne ya fara tsayar da ita. Ta sa tabarau ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba, sannan ta tambaye ni wane ne ke tambayar. Na ce kamfani ne kawai. Ta ce in ta ce a'a fa, ai za su rubuta sunanta. Haka mutanen zamaninsu suke. Sun girma a lokacin da in aka miƙo maka takarda sa hannu kake yi ka wuce, don wanda ya ƙi shi ake tunawa da shi. Na yi dariya. Ina sauri, bas ɗin Sofiya zai tashi. Minti biyu sun ishe ni in gaya mata cewa a nan wanda ya yarda ake rubutawa, ba wanda ya ƙi ba. Maimakon haka na ce, "Ki danna koren kawai, Mama, ya ba ki wuri." Ta danna. Daga ranar ba ta ƙara karanta ko ɗaya ba, tunda 'yarta da ta yi jami'a ta ce ba komai.

Baba kuwa bai taɓa kusantar na'urar ba. Yana da tsohon ciwo da duk abin da ke ajiye maganar mutane. Bayan tsohuwar gwamnati ta faɗi, da aka ba mutane damar karanta fayil ɗin da 'yan sandan ciki suka tara a kansu, ya tafi Sofiya ya karanta nasa, duk da Mama ta roƙe shi kada ya je. A ciki ya ga hirar da aka yi a kan teburin kicin ɗinmu, kalma-kalma, kuma ya gane wanda ya kai ta. Kolyo ne, amininsa, wanda ya tsaya masa ranar aure, wanda Baba ya ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa shekara uku kafin nan. Ya dawo gida ya cire hoton Kolyo daga bango. Ƙusar tana nan har yau.

A rana ta goma sha biyu da rasuwarta na sauko da safe na tarar da shi zaune gaban kwamfutar, ƙyallen burodin a cinyarsa, tabaran Mama a hancinsa. Wai yanayi yake so ya duba, ko sanyi zai sauka kafin a tsinke sauran tattasai. Mama ce ke duba masa kullum, kuma shafin yana nan a buɗe yadda ta bar shi. Bai juyo ba. Ya nuna gefen shafin da yatsa ya ce in zo in gani.

Takalmin cikin gida ne na maza, ruwan ƙasa, da gashin tunkiya a ciki. An rubuta lamba arba'in da huɗu a ƙasansa.

"Lambata ce," in ji shi. "Duk hunturu ina ce mata ƙafata na sanyi. Wa ya san wannan in ba ita ba?"

Na zauna na yi masa bayani a tsanake, irin wanda ban yi wa Mama ba. Na ce talla ne, ba wani abu ba. Ta taɓa duba takalmin a wani shafi, mai shagon ya shaida kwamfutar, yanzu yana bin ta da kayansa. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai irin na wanda ake karanta wa abin da ya riga ya sani.

"To ai maganar ɗaya ce, 'yar boko. Ita ta duba."

A ranar ya tafi kasuwa ya sayo irin takalmin, ya sa, tun ba a fara sanyi ba.

Daga nan kowace safiya kofi biyu yake dafawa. Ɗaya nasa, ɗaya a gefen kwamfutar, da sukari cokali ɗaya da rabi. Ba ya danna komai. Tsoro yake ji kada ya ɓata. Yana buɗe shafin yanayi da na labarai, ya tsallake labaran, ya zuba wa gefe ido. Wata rana 'yar tukunyar lantarki ta fito, mai dafa abincin mutum ɗaya. Wata rana ƙarfen da ake kafawa a bangon banɗaki don tsoho ya riƙa kamawa. Wata rana littafin girki mai manyan haruffa. Shi yana murmushi yana cewa har yanzu ba ta daina yi masa shisshigi ba. Ni kuwa na gane abin da nake kallo. Watanninta na ƙarshe ne, ita kaɗai a kicin, tana shirya masa zaman da ba ta ciki. A rumbun ƙasa ma kwalaben tumatir da na gasasshen tattasai sun ninka na kowace shekara, kowace da takarda a manne: Mincho, wannan bayan Kirsimeti. Mincho, kada ka buɗe wannan sai ɗayan ya ƙare. Ya ɗauka zumuɗinta ne na kullum.

Inna Zlatka ta kama shi a rana ta goma sha biyar. Ta shigo da faranti a hannu, ta ga ƙyallen a gefe, ta ajiye farantin da ƙarfi.

"Mincho, tsufa ne ko hauka? Ka buɗe mata madubi?"

"Ke ki ji da naki mijin, da ya gudu kabari don ya huta da bakinki."

"Allah ya sa ka bi shi ka gaishe shi, tsohon banza."

Tana zagin ne tana leƙen allon. Sai ta ga tukunyar, ta dubi ƙafarsa ta ga takalmin, ya gaya mata labarin lambar. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Kafin yamma duk layinmu an ji cewa Dafinka na aiko wa Mincho saƙo ta kwamfuta, kuma Inna Zlatka da kanta ta kafa sabuwar doka: kada wanda ya taɓa na'urar nan sai mai gidan. Da na gwada sa'ata bayan kwana biyu, na ce bari in wanke masa ita don ta yi nauyi, Baba ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya ce ba a share ɗakin mamaci kafin arba'in.

Na san yadda abin ke aiki ciki da waje. Ciniki ne ake yi cikin ƙiftawar ido, ɗaruruwan kamfanoni na rige-rigen ɗan gurbin nan na gefen shafi, wanda ya yi nasara ya liƙa hotonsa. Babu ruhu a ciki, babu tsari. Amma duk da sanina, in na sauko da safe na ji ƙamshin kofi na biyun nan, tsigar jikina tashi take yi. Don ni a idona tallan da baya-baya suke zuwa. Takalmin na Satumba ne, ina nan ta kira ni tana tambayar ko lamba arba'in da huɗu ta ƙasar waje ɗaya ce da tamu. Tukunyar ta Agusta ce. Kamar Mama na komawa kan sawunta a hankali, wata bayan wata, kuma na san inda sawun ya faro. Na fara tashi kafin Baba in tsaya a bayansa, ina shan shayin da ba na jin ɗanɗanonsa.

A rana ta ashirin da shida hular gashi ta fito. Ruwan ƙasa mai ja-ja, gajere, irin gashin Mama a hoton aurensu. Na riƙe bayan kujerarsa. Baba ya matsa kusa, ya gyara tabarau, sai kawai ya fashe da dariya, karon farko tun ranar jana'iza.

"Dubi tsohuwar nan. Har a can ma gayu take yi."

Ya yi ta dariya har da hawaye. Na fita lambu na tsaya a inda Mama ta faɗi. Na tuna ranar da ta nuna mini hular nan a watan Maris, ta ce ko makaho ne Mincho zai gane, don da hanci yake sanin gashinta, ta rufe shafin ta ce a bar maganar magani.

Bayan kwana uku, ba bisa jerin watannin ba, wani gida ya fito. Fari ne, a bakin kogi, da lambu, da kujeru biyu a ƙarƙashin bishiya. Ba suna, ba adireshi, sai layi ɗaya a ƙasa: kwanciyar hankali ga wanda kake ƙauna. Sai ka danna za ka ga sauran. Ni ba na bukatar dannawa. Ni na kai ta can a watan Yuli. Gidan da ake kai waɗanda likita ya cire tsammani a kansu ne. Ta zaɓi ɗaki mai taga, ta rubuta sunanta da hannunta, ta ce wa ma'aikaciyar jinyar a jira ta ƙarshen Oktoba, sai an gama da tattasai. Abin da ta yi niyyar ce wa Baba in lokacin ya zo, ban sani ba; zuciyarta ta hutar da ita wannan ƙaryar.

Baba bai yi dariya ba wannan karon. Ya daɗe yana kallo.

"Nan aka sauke ta," ya ce a hankali. "Kin ga kujera biyu?"

Washegari ya sake fitowa. Baba ya ce sau ɗaya gaisuwa ce, sau biyu tuni ne, in ya zo sau uku to kiransa take yi. Zai danna ya ga inda gidan yake, ya shiga bas ya je ya ɗan zauna a kujerar. Na hango shi tsaye a ƙofar wurin da hularsa a hannu yana faɗin sunansa, na hango ma'aikaciyar nan, mace mai kirki mai yawan magana, tana cewa ashe kai ne mijin Dafinka, mun yi ta jiranta.

A rana ta talatin da ɗaya, ya dafa kofin, ya ce bari ya fara kai wa Mama kyandir maƙabarta ya zuba ruwa a kabarin kafin rana ta yi zafi, in ya dawo sai su zauna. Ina jin ƙarar ƙofar waje na ɗauke ƙyallen.

Dannawa uku ne kacal a goge komai. Kafin ta ƙarshe jerin duk abin da ta taɓa nema ya bayyana, dogo, ya gangara ƙasa babu iyaka. Na kawar da kai, amma idona ya riga ya kama layin farko, na daren jajiberin rasuwarta ko safiyar ranar, ban duba ba: yadda ake koya wa namiji amfani da injin wanki. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Ita dai ta tambaya tsakani da Allah, maɓallai biyu girma ɗaya. Kofin Mama na gefen hannuna yana tururi. Na ce, "Ke kika ce, Mama," na danna. Allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ga fuska a ciki tana kallona, da goshinta da bakinta. Tawa ce. Na mayar da ƙyallen na hau sama.

Da ya dawo ya buɗe, akwatin ne ya tare shi, sabo fil, kamar ba a taɓa shiga shafin daga gidan nan ba. Ya kira ni ya ce me wannan yake so. Ban iya saukowa ba. Na ce ina cikin taro. Ya tuna koren Mama ke dannawa, ya danna. Mota ta fito. Sai caca. Sai otal a bakin teku da wasu yara masu haƙora farare. Ya rufe ya buɗe. Ya shiga wasu shafukan da bai taɓa shiga ba, duk inda akwatin ya fito ya danna kore, wai yana buɗe mata ƙofofi ko ta ɓata hanya. Kofin ya huce a wurinsa.

Kwana tara aka yi haka. Ya daina cin abinci sai in na tsaya a kansa. Ya ce wa Inna Zlatka laifinsa ne, dariyar da ya yi wa gashin ce ta ɓata mata rai. Inna Zlatka, da ba ta taɓa barin rami ba ta ƙara masa zurfi ba, ta ce lallai ana yin haka, mamaci in ya yi fushi yakan tafi ba sallama. Washegari ya canza, ya ce a'a, don ya ce zai bi ta ne, ya tsorata ta. Kowace safiya da sabon laifin da ya samo wa kansa. Abin da Mama ta ce ba ta so, zama yana tuhumar kansa, shi ɗin dai na jawo masa ta wata ƙofar. Na ji haushin kaina, na ji haushin sana'ata, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushin Mama, da ta tafi ta bar ni da rantsuwar da ko ta ina na juya sai ta yanki ubana.

Ranar arba'in muka yi abin da ake yi. Aka yi addu'a a coci, muka raba dafaffiyar alkama da burodi, aka daidaita ƙasar kabarin. Da muka dawo Inna Zlatka ta bi ɗakuna tana yaye madubai, ta buɗe tagogi, ta tafi da farantanta. Da la'asar gidan ya rage daga ni sai shi. Yana zaune a kicin cikin baƙar kwat ɗinsa da takalmin gashin tunkiya, kwamfutar a rufe a gabansa.

"Kowa ana ba shi arba'in," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Ni talatin ta ba ni ta tafi. Me na yi mata, Neda? Ke mace ce, ko za ki gane."

Na ja kujera na zauna.

"Ba ita ta tafi ba, Baba. Ni na goge. Ranar da ka je kai kyandir."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, sai dai Mama ta taɓa ba ni labarinsa, na ranar da ya dawo daga Sofiya ya cire hoto. Na ɗauka zai yi ihu. Ya tambaye ni don me. Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sake yin shiru, ina kallon gwangwanin gishiri. Sai na ga idonsa ya bar ni ya koma kan ƙofar rumbun ƙasa, inda kwalaben suke, ya daɗe a can.

"Ita ta sa ki?"

"Ita ta sa ni."

"Akwai abin da ta ce kada ki gaya mini."

Wannan ba tambaya ba ce, amma na ce akwai.

Ya cire tabaran Mama ya naɗe su, ya ajiye a hankali.

"To ki riƙe. Sau ɗaya na karanta takardar da ta hana ni karantawa. Ba na ƙarawa."

Na sunkuyar da kai na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ce ya yafe mini kwana taran ba. Ya bari sai da na gama, sannan ya buɗe kwamfutar ya turo mini ita. Ya ce tunda akwatin tambaya yake yi, ai dole akwai a'a a wani wuri. In nuna masa inda yake.

Na sake goge abin da ya tara a kwana taran, na buɗe shafin labarai, akwatin ya fito. Ba namu ba ne, amma da ganinsa a wurinmu aka koya. Na shiga ƙofar farko, na shiga ta biyu. Kafin a kai ga ɗan rubutun ruwan tokar, sai an wuce jerin sunayen kamfanonin da za a raba wa bayanin, na yi ta ja yana gangarawa, sunaye cikin harsunan da ba ya ji. A sama an rubuta adadinsu, ɗari takwas da goma sha biyu. Ya tambaye ni su wane ne waɗannan. Na ce su ne masu tambayar.

"Dafinka ta ce musu e?"

"Ni na ce ta ce musu e."

Ya bi sunayen da ido har ƙasa.

"Ke nan abin da ta ce kada ki gaya mini, waɗannan sun sani."

"Wasunsu sun sani, Baba."

"Kuma gogewar da kika yi?"

"Daga nan gidan na goge. Nasu yana wurinsu."

Na nuna masa rubutun, ya kai ƙaton yatsansa na tsohon kafinta, ya kuskure, ya sake, a karo na uku ya same shi. Sannan ya rufe kwamfutar, ya ɗauko ƙyallen burodin ya lulluɓe ta, duk da arba'in ta cika kuma an yaye kowane madubi a gidan. Ya sauka rumbu ya ɗauko kwalbar da aka rubuta a fara da ita, muka ci da burodi.

Da safe ya raka ni tasha cikin takalmin fita, ya miƙo mini kwalba biyu a leda, ya ce in riƙa kira ranar Lahadi. Bas ɗin ya fara hawan dutse, na ciro wayata in duba ko ana ruwa a Sofiya. Ni ma a watan Yuli na nemi hanyar zuwa gidan jinyar nan, a wannan wayar, kuma ni ma koren nake dannawa don sauri. A ƙasan shafin yanayin gidan na nan, fari, a bakin kogi, da kujeru biyu a ƙarƙashin bishiya. Karo na uku ke nan. Na kwance gyalen wuyana na rufe wayar, na riƙe ta a cinyata har muka isa.